Ƙarfen Kamfani da Ƙarfen Kwaikwayo: Nasiha ga Matasan Bengu Masu Tayar da Tsofaffin Motoci

Tsohuwar mota, a ma'anar da masu adana motoci na ƙasashen Turai suka bai wa kalmar, ita ce wadda ta kai shekara 30 da ƙerawa, kuma wannan shi ne ma'aunin da ƙungiyarsu ta duniya mai suna FIVA take aiki da shi, sai dai sun ƙara sharaɗin cewa kada motar ta kasance ta sufurin yau da kullum. Idan aka ɗauko ma'aunin shekarun aka kawo shi yankin Gaya na Nijar, za a tarar cewa da yawa daga cikin motocin da ke jigilar mutane da buhuna tsakanin Bengu da kasuwannin kewaye sun daɗe da cika shi, amma sharaɗi na biyu ba zai taɓa hawa kansu ba, domin abin da Bature yake lulluɓewa da mayafi a gareji yana jiran ranar baje koli, shi ne a nan yake ciyar da gida. Wannan bambanci shi ya sa matashin da ya gaji irin wannan mota daga mahaifinsa, ko ya tara kuɗi ya saye ta, ko kuma yake koyon gyaran bodi a hannun maigidansa, yake bukatar sanin ƙarfe fiye da yadda mai sha'awa na Turai yake bukata, tunda kuskuren wancan ado yake ɓatawa, kuskuren wannan kuwa yana iya taɓa rayukan fasinjoji.

Motar da ta fi dacewa a yi misali da ita ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, saboda babu wata ƙaramar mota da ta yi irin zamanin da ta yi a ƙasar Hausa. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, kuma ko da aka daina yin salun ɗinta a Turai a 1983, masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Yayarta 404, wadda ta fito a 1960, ita ce ta yi suna da ɗaukar kaya, har mutanen Najeriya suka laƙaba wa mai buɗaɗɗen baya sunan a-kori-kura, mutanen Nijar kuma suke ce mata bashe, daga kalmar Faransanci mai nufin wadda aka rufa wa tamfol. Kayan injin waɗannan motoci ba su yanke ba, domin har yau akwai masana'antun da ke yin fistin da ringi da makamantansu, amma kayan bodi, wato ƙofa da madigadi da bonet da murfin but da daɓen ƙasa, su ne suke ƙara wuya kowace shekara, kuma a kansu ne ake yawan cutar mai saye.

Kayan bodin da matashi zai ci karo da su a kasuwa ba iri biyu ba ne kamar yadda ake yawan faɗa, wato orijinal da jabu. Akwai wanda mota ta zo da shi daga masana'anta, abin da ƴan kasuwar Najeriya ke kira folokom, kuma shi ne mafi daraja muddin tsatsa ba ta gama da shi ba. Akwai sabon ƙarfen kamfani da aka ƙera tun zamanin da motar take tashe amma ba a taɓa ɗaura shi ba, ya yi shekaru a jingine a bayan shago, wanda samunsa a yau sai an dace. Akwai na kamfani da aka kwance daga jikin wata motar da ta mutu, wanda ake kira ɗan Beljiyam a ɓangaren Najeriya ko da bai taɓa ganin ƙasar Beljiyam ba, a ɓangaren Nijar da Benin kuma a ce na kas ne, wato na maƙabartar motoci. Sannan akwai na kwaikwayo, wanda wata masana'anta dabam ta ƙera ba da hannun kamfanin motar ba, masu Faransanci suna ce masa adaftabul, sauran jama'a kuma suna ce masa ɗan Taiwan, saboda tsibirin Taiwan ya daɗe yana cikin manyan wuraren da ake yin irin waɗannan kaya, ko da yake yanzu sunan ya zama na duk wani kwaikwayo ko daga ina ya fito. Na kwaikwayo ba ya zama jabu sai ranar da aka manna masa tambarin kamfani aka sayar da shi da sunan na asali, kuma rashin rarrabe waɗannan biyu shi ke sa wasu su ƙi kaya mai amfani don sunansa, su kuma rungumi ruɓaɓɓe don tambarinsa.

Dalilin da ya sa na kwaikwayo yake yawan ƙin zama daidai yana cikin yadda ake ƙera shi. Ana yin madigadi ne ta hanyar shimfiɗa fallen ƙarfe, wanda kaurinsa a irin waɗannan motoci bai cika wuce milimita 0.7 zuwa 1 ba, a tsakanin mazubi biyu masu nauyin gaske, na sama da na ƙasa, waɗanda aka sassaƙa da siffar abin da ake so, sai inji ya matse su, kuma kamfanin mota yakan bi da falle ɗaya ta mazubi da dama a jere, wannan ya lanƙwasa, wancan ya datse gefe, wani ya huda ramukan noti. Mai kwaikwayo ba shi da zanen asali, saboda haka yakan samo madigadi guda ya auna shi ya sassaƙa nasa mazubin, kuma don ya rage tsada sai ya rage yawan matakai, wani lokaci ya rage kaurin ƙarfen ma. Sakamakon haka shi ne layin da ya kamata ya fito da kaifi sai ya fito a dakushe, ramin noti ya goce da milimita biyu ko uku, gefen da zai haɗu da ƙofa kuma ya buɗe baki a sama ya matse a ƙasa. Masana'antun kwaikwayo ba ɗaya suke ba, akwai waɗanda aikinsu ya kusa na kamfani, har ma a Amurka aka kafa wata ƙungiya mai suna CAPA a 1987 don gwada irin waɗannan kaya da ba su shaida, amma kayan da ke isowa ƙananan kasuwanni yawanci ba masu shaida ba ne, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta fuskar samun kaya, Bengu tana zaune a wuri mai albarka da haɗari a lokaci guda, domin tana kusa da Gaya, inda gada ta ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil a kan hanyar da motocin gwanjo da kayansu suka daɗe suna bi daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma tana kusa da Kamba ta jihar Kebbi, wadda ta nan ake kaiwa ga kayan da suka fito daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Sai dai waɗannan hanyoyi suna buɗewa suna rufewa bisa abin da ya fi ƙarfin mai gyaran mota. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka farashin duk wani sabon kaya da ake shigowa da shi daga Faransa, ta kuma tura jama'a ga na kas da na kwaikwayo. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar Gaya da Malanbil. A duk lokacin da hanya ta toshe, kaya mai kyau yakan ɓuya, mara kyau kuma ya sami suna mai kyau, saboda mai bukata ba shi da wani da zai kwatanta shi da shi, don haka matashin da ba ya cikin gaggawa ya fi cin riba idan ya bar motarsa da lotsattsen madigadinta na asali har kasuwa ta daidaita.

Abin da ya fi kamata ɗan Bengu ya sani fiye da ɗan Agadas ko ɗan Tawa shi ne sha'anin gishiri. Yankin Gaya yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma kwarin Foga, wanda aka san shi da dafa gishiri tun kaka da kakanni, ƙasarsa gishiri gare ta, ruwa da gishiri kuwa idan suka haɗu a kan ƙarfe tsatsa takan yi saurin da ba ta yi a busasshiyar ƙasa, domin gishiri yana jawo danshi ya riƙe shi, yana kuma sauƙaƙa cin da iska ke yi wa ƙarfe. Motar da ke ɗaukar gishiri, ko take ratsa taɓon kwari da damina, daga ƙasa take ruɓewa, ta wuraren da ido ba ya kaiwa. Abin mamaki shi ne ƙofar da aka kwaso daga Turai ma irin wannan ciwo take zuwa da shi, saboda a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba ana barbaɗa gishiri a kan tituna da hunturu, ruwan gishirin yana shiga cikin ninkin ƙarfe ya kwanta shekara da shekaru. Ke nan kalmar ɗan Beljiyam ba ta isa shaida ba, kuma sau da yawa ƙofar motar da ta ƙare rayuwarta a busasshen arewa ta fi ta Turai lafiyar ƙarfe, ko da rana ta cinye fentinta ta kuma busar da robobinta.

Duba ƙofa kafin a biya kuɗinta aiki ne na mintuna kaɗan ga wanda ya san inda zai sa hannu. Ana kifa ta ne a ƙasa a dubi gindinta, inda fallen waje ya naɗe a kan na ciki, domin idan wannan ninki ya kumbura kamar gurasa, to tsatsa ta riga ta yi gida a ciki ko da fenti yana sheƙi. A gindin akwai ƙananan ramuka da aka bari don ruwan da ya bi gilashi ya sauka ya fita, kuma idan aka zura tsinke aka ji sun toshe da laka, ko aka girgiza ƙofar aka ji ɓarɓashi yana kacau-kacau a cikinta, an san abin da ake ciki. Daga nan sai a ɗauki mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifika ne, a naɗe shi da ƙyalle a bi jikin ƙofar da shi a hankali, duk inda ya saki ko ya yi sanyin kamu, to a ƙarƙashin fentin akwai mastik, wato ƙullin da masu gyara ke cike lotsawa da shi, wanda a Najeriya ake kira bodi fila. Na kwaikwayo kuma yakan zo da baƙin shafi mai kama da na kamfani, alhali wani shafin na kare ƙarfe ne a cikin jirgin ruwa kawai, kuma ana gane shi idan aka goga masa tsumma mai tina, wato ruwan tsinka fenti, ya biyo tsumman, wanda hakan ke nuna dole a kankare shi gaba ɗaya kafin a yi fenti. Mai sayarwar da ya hana a yi wa kayansa irin wannan dubawa ya riga ya faɗi abin da ke cikinsu.

Tambayar da ta fi ta asali ko kwaikwayo muhimmanci ita ce aikin da ƙarfen yake yi a jikin mota. Motoci irin su Hilux da Land Cruiser suna da shasi dabam, wato ƙashin ƙarfe mai kauri wanda aka ɗora bodi a kansa, amma salun da wagon na 504 bodinsu shi ne shasinsu, ma'ana daɓen ƙasa da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofin da mazaunin shokozoba su ne suke ɗauke da nauyin mota, su ne kuma suke tare fasinja ranar hatsari. A waɗannan wurare araha ba ta ado, kuma abin da ya dace shi ne a yanko lafiyayyen ƙarfe daga jikin mota irinta, ko a lanƙwasa sabon falle mai kauri daidai da na asali, ba guntun durom ko ƙyauren firiji ba, waɗanda ake ganin wasu suna toshe daɓe da su. Madigadin gaba da bonet da bamba kuwa da noti aka ɗaure su, gobe ana iya kwance su a sauya, saboda haka babu laifi a sa musu na kwaikwayo idan aljihu bai kai ba, in dai makullin bonet ɗin mai kyau ne, tunda bonet da ya buɗe a kan gudu ya rufe gilashin gaba ba ƙaramin bala'i ba ne. Da yawa daga cikin matasa suna juya wannan tsari, su kashe kuɗinsu wajen neman bamba mai walƙiya ta kamfani alhali ana hango ƙasa ta ƙarƙashin ƙafar direba.

Ko ƙarfen kamfani ma ba kowanne ne yake shiga kowace mota ba, domin suna ɗaya ba ya nufin awo ɗaya. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a salun na 504 mita 2.74 ce, a wagon kuma mita 2.90, saboda haka ƙofar baya ta wannan ba ta zama a jikin wancan, kuma a tsakiyar shekarun 1970 an sauya fasalin hannun ƙofa daga mai fitowa waje zuwa wanda ya shafe da jiki. Fitilar gaba da aka kwance daga motar ƙasar da ake tuƙi ta hagu, kamar Ingila ko Japan ko Kenya, haskenta yana karkata ne zuwa ɓangaren da zai kashe idon mai tahowa a Nijar da Benin, haka ma a Najeriya, wadda ta koma tuƙi ta dama a 1972. Gilashi da fitilar da suka cika ƙa'idar Turai suna ɗauke da harafin E da lamba a cikin da'ira, inda 1 take nufin Jamus, 2 kuma Faransa, kuma gilashin gaba ya fi kyau ya zama mai falle biyu da leda a tsakani, wanda idan dutse ya same shi yakan tsage ya tsaya a wurinsa.

Wajen ɗaurawa, ƙa'idar da ɗan koyo ya kamata ya fara riƙewa ita ce ba a yi wa ƙarfe fenti sai an gwada shi a jikin mota tukuna, domin duk wani bugu ko faɗaɗa ramin noti da za a yi bayan fenti asarar fentin ne, kuma ɗan kasuwa ba ya karɓar kayan da aka riga aka shafa wa launi. Ana farawa ne daga abin da ba ya motsi, wato a daidaita ƙofar baya da jikin mota, sannan ƙofar gaba da ta baya, sannan madigadi da ƙofar gaba, bonet ya zo a ƙarshe, kuma ba a ƙarasa ɗaure kowane noti sai an ga tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta tafi bai ɗaya daga sama har ƙasa, kimanin milimita 4 zuwa 5, abin da tsofaffin masu sana'a suke aunawa da guntun kwali. Idan ƙofa ta sunkuya, a fara duba hinji, wato maƙalin da take juyawa a kansa, kafin a ɗora wa ƙofar laifi. Wajen walda kuma, kamfani ya haɗa bodi ne da ɗigo-ɗigon waldar lantarki, alhali abin da ya fi samuwa a garejin karkara shi ne wutar kabayid, wadda zafinta yake bazuwa ya murɗe fallen ƙarfe, don haka gwani yakan ɗiga nan ya tsallaka can, ya bar wuri ya huce, yana bi da guduma yana daidaitawa, maimakon ya ja layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ne yake komawa ya lafta mastik mai kaurin yatsa don ya ɓoye murɗewar, alhali mastik bai kamata ya wuce milimita 3 ba, kuma a kan hanyar da ta yi kunya-kunya kamar gona ba ya cika shekara bai tsage ba, ruwa ya shiga ta tsagar ya ci ƙarfen da ke bayansa.

Akwai wuri guda da bai halatta wuta ko zarto su kusance shi ba sai da sanin hukuma, shi ne inda aka buga lambar shasi, wadda dole ta dace da abin da ke rubuce a takardar mota, wato kart giriz. Motar da ke zirga-zirga kusa da iyakoki biyu kullum tana gaban jami'an duwan, wato kwastam, da jandarmomi, kuma lambar da aka ga alamar walda a kewayenta takan jawo zargin sata ko fasa-ƙwauri ko da mai motar bai aikata komai ba.

Masu adana motoci na Turai sun daɗe suna muhawara a kan iyakar abin da za a sauya kafin mota ta daina zama ita, har FIVA ta fitar da wata yarjejeniya da aka sani da sunan birnin Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma jigonta shi ne a riƙe abin da mota ta zo da shi gwargwadon iko, abin da aka sauya kuma a rubuta shi yadda na baya zai sani. A Ingila ma akwai kamfanin British Motor Heritage da yake buga sabon bodin tsofaffin motoci irin su MGB da Mini da mazuban asali, abin da ya nuna cewa daraja tana bin mazubi da ingancin ƙarfe ne fiye da shekarar da aka buga shi. Mai bashe a Bengu ba ya neman lambar yabo a wurin baje koli, amma ƙa'idoji biyun nan na yarjejeniyar Turin suna yi masa aiki kai tsaye, domin madigadin asali da aka buga aka miƙar ya fi sabon na kwaikwayo zama daram, tunda da jikin motar aka haife shi, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Rubuta abin da aka sauya a ɗan littafi, da inda aka saye shi da sunan da aka sayar da shi, yana kare mai gyara ranar da mai mota ya dawo da ƙorafi, yana kuma kare mai mota ranar da zai sayar, a sana'ar da kowa ya san kowa daga Gaya har Kamba, inda labarin wanda ya karɓi kuɗin ɗan kamfani ya ɗaura ɗan Taiwan yakan riga shi isa tasha.

Ƙarfen da aka cire bai kamata a yi saurin miƙa shi ga masu sayen ƙarfe a kilo ba, ko da ya ruɓe rabi, saboda shi ne ma'aunin da za a gwada na kasuwa da shi, kuma a jikinsa akwai ƙananan abubuwa, irin su maƙalan roba da hannun ƙofa da injin ɗaga gilashi, waɗanda na kwaikwayo ba ya zuwa da su kuma ba a samun su a shago. Bayan an gama aiki, a shafa wa bayan kowane ƙarfe da kowane wurin walda fentin hana tsatsa kafin a rufe shi, a zuba mai ko kakin da aka tanada don haka a cikin ƙofofi da dogon ƙarfen ƙarƙashinsu, a tabbata ramukan fitar ruwa a buɗe suke, motar da ta yi dakon gishiri kuwa a ɗaga tabarmarta a wanke daɓen da ƙarƙashinsa da ruwan daɗi a ranar, a bar ƙofofin a buɗe har ya bushe.